Wasiƙar godiya ga injiniyoyin da ke kula da sabar bankinmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a. Ni ne manajan wani ƙaramin banki na 'yan kasuwa a Sabon Garin Zariya. Masu hulɗa da mu su ne 'yan tireda, masu POS, dillalan hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Giwa da Zariya, sai ma'aikata daga Samaru da Kongo da albashinsu ke biyowa ta wajenmu. Duk kuɗin mutanen nan yana bi ne ta cikin babbar kwamfuta guda ɗaya da muke kira saba, ƙirar IBM Power, wadda kamfaninku ke kula mana da ita.

Ba wanda ya manta farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, har mai sayar da tumatir ya koma karɓar tiransifa. Sabarmu ta sha wuya a kwanakin nan. Mutum zai tsaya a gabana ya ce, "Manaja, an cire min kuɗi amma wancan bai ga alat ba," ni kuwa ba ni da amsar ba shi sai haƙuri. Da ƙura ta lafa, shugabannin bankinmu suka yanke shawarar a sayo saba ta biyu, duk da cewa da dala ake sayenta, dalar kuma kullum gaba take yi.

A nan ne kuka yi abin da ya sa nake ganin girmanku. Da kun sayar mana da sabuwar na'ura, ku ne da riba. Amma babban injiniyanku ya zaunar da mu ya ce, "Alhaji, kada ku sayi abin da kuke da shi." Ya nuna mana cewa tun daga masana'anta akwai furosesa (sassan da ke yin lissafi) da mamori (inda ake riƙe bayanan da ake aiki da su) a cikin na'urar waɗanda aka saka amma ba a kunna ba, suna kwance kamar ɗakunan da aka gina aka kulle. Ana iya sayen kunna su na dindindin. Ana iya karɓar gwaji na kwana 30. Ana kuma iya yin yarjejeniyar biya gwargwadon amfani, inda ake lissafin kowace furosesa da kwana, kwanan kuma awa 24 ne daga lokacin da aka kunna. Wannan na ƙarshen kuka ba mu shawara, tun da cunkosonmu na lokaci ne: ƙarshen wata idan albashi ya shigo, jajiberin Sallah, da kaka idan hatsi ya fito kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shirin da kuka yi kafin a taɓa komai. Kun kwashe makonni kuna bibiyar yadda na'urar ke aiki, wace rana ce take cika, wace awa ce take sarari. Kun tambaye mu kalandarmu, har da ranakun kasuwa. Kun ja hankalinmu ga abin da ba mu taɓa tunani ba, wato lasisin manhajar da ke riƙe bayanan asusun mutane, wanda ake biya gwargwadon yawan furosesa da ke aiki; da mun kunna da ka, da mun jawo wa kanmu bashin da ya fi na na'urar. Injiniyarku mace, wadda ma'aikatanmu ke kira Anti, ita ta dage sai an duba janareto da batura da na'urar sanyaya ɗaki. Ta ce ƙarin aiki ƙarin zafi ne, kuma duk wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu ya san gaskiya ta faɗa. An gyara su kuwa tun kafin a je ko'ina.

Sannan kuka kammala takardun yarjejeniya da wuri, kuka karɓo lambar kunnawa, mai haruffa da lambobi 34, wadda ba ta aiki a kan kowace na'ura sai mai lambar jikin tamu. Aka shigar da ita ta kwamfutar sarrafawa da ake kira HMC, aka gwada a daren da babu hada-hada, aka mayar.

Ranar amfaninta ta zo ana saura kwana uku Babbar Sallah. Albashi ya shigo, masu sayen raguna suna ta tura kuɗi, layi ya fito har bakin titi. Da hantsi ma'aikacinmu ya kira ku ya ce na'ura ta fara nauyi. Kafin a kira azahar kun ƙara mata furosesa da mamori, ba a kashe ta ba, ba a ce wa kowa ya je ya dawo ba. Ina tsaye a bayan kantar banki ina kallon layin yana raguwa. Wata dattijuwa daga Tudun Wada da ta zo karɓar kuɗin da ɗanta ya turo mata ta yi mana addu'a mai tsawo, ni kuwa a raina na san ku ta yi wa.

Bayan Sallah ku ne kuka fara kiran mu, kuna tuna mana cewa in ba a mayar da furosesan da aka ara ba, lissafi zai ci gaba da gudu. Kuka mayar da su a ranar, kuka aika rahoton amfani na wata kamar yadda yarjejeniya ta tanada, kuka kawo mana kwafi. Abin da muka biya na kwanakin da muka yi amfani ne kawai. Kun kuma koya wa yaranmu biyu yadda ake kunnawa da mayarwa, kuka rubuta musu matakan a takarda, yanzu tana manne a bangon ɗakin saba.

A madadin shugabanni da ma'aikata da masu ajiya a bankinmu, muna godiya. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci kasuwancinku da zuriyarku. Muna jiran ku a zaman da muka sa kafin kaka, domin a sake duba lissafi tun hatsi bai shigo ba.

Wassalam.

Naku,
Manajan banki,
Sabon Gari, Zariya.