Jirgin fiton Zanzibar: a ƙidaya mutane tun kafin a kwance igiya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan tasha, na rubuto ne game da shirin da kuka gabatar kwanan baya a kan tafiya a jirgin fito daga birnin Dar es Salaam na ƙasar Tanzaniya zuwa tsibirin Zanzibar. Shirin ya yi daɗin saurare, kuma wakilinku ya yi ƙoƙari wajen kwatanta kyawun teku da tsofaffin gine-ginen da ke tarbar baƙo a bakin tasha, har da yadda ake sayen tikiti ba tare da an faɗa hannun 'yan kamasho ba. Sai dai na saurara daga farko har ƙarshe ban ji an taɓo maganar da ta fi kowace nauyi a kan wannan hanya ba, wato maganar tsaron rayukan waɗanda ke cikin jirgin. Ina ganin tashar da jama'a suka amince da ita kamar taku bai kamata ta tsallake wannan ba.

Ga mai yawon buɗe ido, wannan ƙetare na kimanin kilomita 70 nishaɗi ne na awa biyu a cikin jirgi mai sauri. Ga mutanen Unguja da Pemba, manyan tsibirai biyu da suka haɗu suka zama Zanzibar, waɗanda ƙidayar shekarar 2022 ta nuna sun kusa miliyan 1.9, jirgin fito shi ne hanyar rayuwa baki ɗaya. Ta ruwa siminti da ƙarafan gini da akasarin kayan masarufi suke shigowa. Ta ruwa ɗalibi yake komawa makaranta, ɗan kasuwa yake zuwa sari, kuma ta ruwa ake ɗaukar marar lafiyar da aka tura babban asibitin Muhimbili da ke Dar es Salaam. Jirgin sama yana yin tafiyar cikin kamar minti ashirin, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Mutumin da ke zaune a kan doron ƙasa idan motar da ya samu a tasha ba ta kwanta masa a rai ba yana iya jiran wata ko ya sauya hanya, shi kuwa mutumin tsibiri sau da yawa jirgin da ke gabansa shi kaɗai ne zaɓinsa, kuma daga nan ne duk matsalar take farawa.

Teku kuma ba hali ɗaya gare ta ba duk shekara. Mutanen wannan gaɓa sun daɗe da sanin iskoki biyu da ke juya musu lokaci: Kaskazi mai kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, da Kusi mai kaɗowa daga kudu maso gabas daga wajen Afrilu zuwa Satumba. Kusi ta fi ƙarfi, musamman a watannin Yuni da Yuli da Agusta, kuma duk wanda ya taɓa ƙetarewa da rana tsaka ko da yamma a wannan lokaci ya san yadda igiyar ruwa take ɗaga jirgi ta maka shi, har ma'aikata su riƙa zagawa suna raba leda saboda masu amai. Jirgi mai lafiya da aka yi wa lodi daidai ƙa'ida yana jure wannan. Wanda aka cika fiye da kima kuwa, irin wannan igiyar ce take ƙarasa shi.

A daren 9 ga Satumba, 2011, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin Spice Islander I ya tashi daga Unguja zuwa Pemba ɗauke da mutanen da da yawansu ke komawa gida bayan hutu. Tsohon jirgi ne da aka ƙera a ƙasar Girka a 1967, kuma adadin fasinjojin da aka yarje masa bai kai 700 ba. Bayan mutane, an jibga masa kaya masu nauyi, har wasu fasinjoji suka ƙi shiga da suka ga ya karkace tun yana ɗaure a tasha. Cikin tsakar dare, ranar 10 ga wata, injinsa ya tsaya a mashigin ruwa mai zurfi da ke tsakanin tsibiran biyu, daura da ƙauyen Nungwi da ke arewacin Unguja, ya kife. Kwamitin binciken da gwamnatin Zanzibar ta kafa ya fitar da rahoto a farkon 2012 cewa mutum 2,470 ne a cikin jirgin, an tsamo gawa 203, kuma mutum 1,370 sun ɓace ba a sake ganinsu ba. Ina roƙon mai sauraro ya tsaya ya dubi tazarar da ke tsakanin adadin da aka yarda jirgin ya ɗauka da adadin da aka samu a cikinsa. Mutum sama da dubu ɗaya da ɗari bakwai ba sa shiga jirgi a ɓoye. Sun bi ta ƙofar tasha ɗaya bayan ɗaya, an karɓi kuɗinsu, kuma akwai waɗanda aikinsu ne su hana amma suka zuba ido.

Ba a cika shekara ba, ranar 18 ga Yuli, 2012, a tsakiyar lokacin Kusi, jirgin Skagit ya bar Dar es Salaam da mutane kimanin 290, ya kife kusa da ƙaramin tsibirin Chumbe, ana gab da isa birnin Zanzibar. Sama da mutum 140 suka rasu ko suka ɓace. Wannan jirgi asalinsa an ƙera shi ne domin fito a jihar Washington ta Amurka, a cikin ruwan da ƙasa ta kewaye ta kare shi daga manyan igiyoyi, sannan aka sayar da shi ya dawo aiki a buɗaɗɗiyar tekun Indiya. Ministan da ke kula da sufuri a Zanzibar a lokacin, Hamad Masoud Hamad, ya ajiye aikinsa bayan hatsarin, abin da ba kasafai ake gani ba, kuma ya cancanci a faɗa. Amma murabus ɗin minista bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: wa ya duba wannan jirgi ya sa hannu cewa ya dace da wannan ruwa?

Ya kamata masu sauraro su fahimci dalilin da ya sa yawan lodi yake kashe jirgi, domin da yawa suna zaton muddin akwai wurin tsayuwa to akwai wurin mutum. Kowane jirgi yana da layin da aka zana a jikinsa wanda bai kamata ruwa ya haura ba idan an gama lodi. Idan nauyi ya yi yawa, jirgin yana nutsawa ƙasa da wannan layi, sai igiyar da a da take wucewa ta gefensa ta fara zubowa ciki. Mafi haɗari kuma shi ne inda nauyin yake zaune. Idan ƙasa ta cika, mutane sukan hau benen sama, nauyi ya koma bisa, jirgin ya rasa ƙarfin da yake da shi na miƙewa idan igiya ta karkatar da shi. Ruwan da ya shiga ciki kuma ba ya zama wuri ɗaya, yana gangarawa ne gefen da jirgin ya karkata ya ƙara masa nauyi a can. Haka su ma mutane suke yi in tsoro ya kama su ko in sun hango tasha. Abin da ya faru ke nan da jirgin Nyerere a tafkin Victoria ranar 20 ga Satumba, 2018, wanda ya kife 'yan mitoci kaɗan daga gaɓar tsibirin Ukara bayan fasinjoji sun taru gefe ɗaya suna shirin sauka, mutum 228 suka rasu a jirgin da aka yi domin mutum ɗari.

Akwai kuma giɓi a cikin doka wanda ba kowa ya san da shi ba. Babbar yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, tana aiki ne a kan jiragen da ke tafiya daga wata ƙasa zuwa wata. Jirgin fiton da ke zirga-zirga a cikin ƙasa ɗaya, ko da kuwa yana ratsa teku mai haɗari da ɗaruruwan mutane, dokar ƙasarsa kaɗai ke hukunta shi. Sai a 2022 Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da wani samfurin ƙa'idoji na jiragen fito na cikin gida, kuma shi ma shawara ce da kowace ƙasa ke da zaɓin ɗauka ko bari. A Tanzaniya lamarin ya ƙara sarƙaƙiya, domin tun haɗewar Tanganyika da Zanzibar ranar 26 ga Afrilu, 1964, tsibiran suna da gwamnatinsu, kuma suna da hukumarsu ta kula da sufurin ruwa dabam da ta babban yankin ƙasar. Jirgi yakan tashi a ƙarƙashin idon wata hukuma ya sauka a ƙarƙashin idon wata, kuma inda alhaki ya rabu gida biyu, abu ne mai sauƙi kowa ya ɗauka ɗayan ya riga ya duba.

Adalci ne a faɗa cewa an samu ci gaba tun bayan haɗurran 2011 da 2012. Jiragen Kilimanjaro na kamfanin Azam Marine, masu gindi biyu da aka ƙera a Ostireliya, sababbi ne da aka yi domin irin wannan tafiya. Ana rubuta sunan fasinja a kan tikitinsa, ana neman katin shaida ko fasfo kafin shiga, ana kuma nuna yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi. Wannan tsari na suna a kan tikiti shi ne a ganina mafi girman abin da aka samu, domin shi ne yake sa a san ko mutum nawa ne a ciki, kuma shi ne zai sa iyali su san inda ɗansu yake idan wani abu ya faru. Yawancin iyalan waɗanda suka ɓace a 2011 ba su samu gawar da za su yi wa sutura ba, kuma da yawa daga cikin mamatan babu takardar da ta nuna sun shiga jirgin.

Damuwata tana ga sauran hanyoyin da kyamarar baƙo ba ta zuwa. Akwai manyan jiragen da ke tafiya a hankali ɗauke da kaya da mutane tare, akwai hanyar Pemba wadda ruwanta ya fi zurfi da ƙarfi, akwai kuma jiragen katako masu tafiya da iska da ke tashi daga ƙananan gaɓoɓi inda babu ƙofa balle mai tsaronta. Waɗannan su ne abin hawan mai ƙaramin ƙarfi. Kuma ranakun da tsari yake fuskantar jarrabawa sanannu ne: jajibirin Sallah da kwanakin da ke bayanta, lokacin komawa makaranta, da duk ranar da aka soke tafiya saboda iska har mutanen jirgi biyu suka taru suna jiran ɗaya. A irin wannan rana mai jirgi yana ganin riba, fasinja yana roƙo a taimaka masa, ma'aikacin tasha kuma shi kaɗai ne tsakanin taron da jirgin.

Nakan ji ana cewa laifin fasinjoji ne da suke turereniyar shiga. Ban yarda da wannan ba. Uwar da ke riƙe da yara, wadda kuɗin hannunta ba zai kai ta kwana a birni ta jira gobe ba, ba ta da hanyar sanin nauyin simintin da aka zuba a ƙarƙashin ƙafafunta, ba ta ga takardar binciken injin ba, kuma ba ta san hasashen iskar daren ba. Waɗanda suka san waɗannan abubuwa su ne kyaftin da mai jirgi da jami'in tasha, don haka a kansu nauyin yake. Jami'in da zai ce jirgi ba zai tashi ba yana bukatar ya tabbata cewa na sama da shi zai mara masa baya, ba zai wayi gari an sauya masa wurin aiki saboda ya ɓata wa wani mai hali rai ba.

Saboda haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, ku sake komawa kan wannan batu a wani shiri na musamman. Ku tura wakilinku tashar Dar es Salaam da ta Malindi a birnin Zanzibar da ta Mkoani a Pemba a makon Sallah, ya tambayi hukumomin biyu wanda ke ƙidaya fasinjoji a bakin ƙofa da wanda ke auna kaya, ya tambaya ko jerin sunayen fasinjoji yana isa hannun hukuma kafin jirgi ya tashi, da kuma wanda ke da ikon dakatar da tafiya idan iska ta yi ƙarfi. Ya nemi sanin ko rigunan ceto sun kai yawan mutane, har da masu girman yara, kuma ya bincika abin da aka aiwatar daga cikin shawarwarin kwamitin da ya binciki hatsarin 2011. Ku kuma ba iyalan waɗanda suka rasa 'yan uwansu a Spice Islander da Skagit damar yin magana da bakinsu a cikin shirin.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye matafiya.

Wassalam,
Mai sauraronku na yau da kullum.