Godiya Ga Wani Shagon Gyaran Kwamfuta A Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Injiniya mai shago da yaransa biyu. Ranar da na ce zan rubuta wannan wasiƙa kun roƙe ni kada in sa sunan shagon, na kuma cika alkawari. Amma abin da kuka yi mini ba zai yiwu in bar shi a ciki ba.

Saura mako uku 'yata ta miƙa aikin binciken kammala digirinta, ta kai filashinta wani wurin buga takardu. Da ta dawo ta jona shi a kwamfutar gida, sai duk foldojin suka koma shotkot, ka danna ba ya buɗewa. Babi huɗu ke ciki, aikin wata bakwai. A daren nan ba ta ci abinci ba, mahaifiyarta ma haka. Dama kwamfutar ta jima tana nauyi, tallace-tallace na faɗowa ko ba a taɓa komai ba, ga saƙonnin imel da ke cewa za a rufe mini asusu idan ban sabunta BVN ba. Ni duk na haɗa su na kira su bairos. Washegari na zo shagonku da kuɗi a aljihu, na ce a sayar mini da anti-bairos mafi ƙarfi, ko nawa ne.

Injiniya, ba ka karɓi kuɗin ba. Kujera ka jawo mini, ka juyo da fuskar kwamfutar wajena, ka ce matsala uku na kawo, kowace da maganinta.

Ka fara da filashin. Ka bayyana mini cewa wannan cutar ba ta goge takardu, ɓoye su take yi ta ajiye na bogi a gurbinsu, duk wanda ya danna na bogin ya ƙara yaɗa ta. Cikin minti kaɗan babi huɗun nan suka bayyana. Na ga 'yata ta dafe baki da mayafinta, ta kasa magana. Aikin anti-bairos ke nan, in ji ka: ya duba kowane fayil da ya shigo, ya gwada shi da jerin cututtukan da aka sani, ya kuma lura da wanda take-takensa ba su yi ba. Amma jerin nan kullum ake sabunta shi. Nawa na sata ne, wani ya ɗora mini shekaru biyu da suka wuce, bai taɓa sabuntuwa ba. Mai gadi ne riƙe da hotunan ɓarayin bara waccan. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, zamansa a kwamfutar ya sa Microsoft Defender, anti-bairos ɗin da ke zuwa kyauta a cikin Windows 10 da 11, ya ja da baya ya bar masa ƙofar. Daga baya na karanta cewa cutar farko da ta yaɗu a irin kwamfutocinmu, Brain, a Lahore ta Pakistan aka rubuta ta a 1986, kuma ta faifan ajiya take bi daga hannu zuwa hannu. Hanyar ba ta sake ba, faifan ne ya zama filashi.

Matsala ta biyu ce ta hana ni barci, don ban san da ita ba sam. Ka buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ka nuna mini wasu ƙananan manhajoji uku da suka maƙale a jikinta. Sun shigo ne tare da wata manhajar sauke bidiyo ta kyauta da ƙaramin ɗana ya ɗora, yana ta danna amincewa bai karanta ba. Ka ce wannan manhajar leƙen asiri ce, halinta ya bambanta da na bairos. Bairos kamar gara yake, yana cin gini har ka ga ɓarna. Ɗan leƙen asiri kuwa ba ya son a ga ɓarna, so yake kwamfutar ta ci gaba da aiki ya samu abin ɗauka. Baƙo ne da ka buɗe wa zaure da hannunka, ya zauna shiru yana sauraro, yana kai labarin gidanka waje: shafukan da kake shiga, abin da kake nema, wani lokaci har kowane harafi da ka danna, da kalmar sirri a ciki. A wannan kwamfutar nake shiga banki. A cikinta hotunan iyalina suke.

Na tambaye ka ko sai na sayi wata manhaja daban don wannan. Nan ne na gane da mai tsoron Allah nake magana, domin da ka ce e, da na biya ban yi musu ba. Sai ka ce a da can haka ake yi, kowanne da nasa. Shi kansa Defender asalinsa mai kama 'yan leƙen asiri ne kawai, sai a 2012 da Windows 8 ta fito aka haɗa masa aikin anti-bairos. Yau guda ɗaya mai sabuntuwa yana yin aikin biyu, kuma ɗora anti-bairos biyu a kwamfuta ɗaya rigima ce, su yi ta kama juna tana ƙara nauyi. Ka cire na satar, ka tayar da Defender, ka share munafukan nan uku. Sannan ka sa na canza kalmomin sirrina a wayata, ba a kwamfutar ba, muka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an kuma tabbatar ta waya kafin a shiga.

Batun tarkacen saƙonni bai ɗauke mu lokaci ba. Ka ce matatar Gmail tana tace su tun kafin su iso, ba abin da zan saya. Wanda ya kuɓuce mata in yi masa alama, kada in danna mahaɗin da ke ciki. Ka kuma ja kunnena cewa idan na rubuta lambar sirrin katina da hannuna a shafin bogi, babu manhajar da za ta dawo mini da kuɗin, kuma banki ba ya neman wannan lamba ta imel ko ta waya.

Da za mu tafi, ƙaramin yaron shagon ya biyo mu bakin titi ya ce wa 'yata ta riƙa aika wa kanta aikin ta imel duk dare. Kai kuma ka tuna mini cewa 14 ga Oktoba, 2025 ce ranar da Microsoft ta sa ta daina tallafa wa Windows 10 kyauta, ka duba ka ce na'urar za ta ɗauki 11, amma in bari sai yarinya ta gama kada a taɓa mata komai. Kuɗin aiki kawai ka karɓa, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na zo da shi ba.

Ta miƙa aikin a kan lokaci. Mahaifiyarta ta ce in gaishe ku da kyau. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a. Ranar Asabar in sha Allahu zan kawo kwamfutar a ɗora mata Windows 11, tare da ta maƙwabcina.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Ɗorayi