Wasiƙa ga Iyaye: Ciwon Ƙwauri a Tsakanin Yaranmu Masu Gudu

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya iyali?

Tun da aka fara atisayen gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta, kusan kullum sai an kawo yaro ɗakin shan magani yana ɗingishi. Kukan nasu ɗaya ne: ciwo a ƙwauri ta gefen ciki, tsakanin gwiwa da idon sawu, yana tashi in ana gudu, ya lafa in an huta. Wannan ne ya sa na ce sai na rubuto muku da kaina.

Ba karaya ba ce, ba kuma sammu ba. Tsokar da ke manne da ƙashin ƙwauri tana jansa a kowane taku, to idan gudu ya yi yawa farat ɗaya, wurin sai ya yi tsami. Yaro ya kwashe hutu yana zaune, ya dawo yana son ya zama zakara cikin mako guda. Ga filinmu ya bushe ƙamas da hunturu. Wasu kuma, an gaya mini, suna ƙara gudu a kan kwalta bayan sallar asuba, da silifas ko kambas ɗin da ƙasansa ya suɗe. Ina iyayen suke lokacin da yaro ke fita haka?

Maganinsa na farko hutu ne. A dakatar da gudu da tsalle na mako 2 zuwa 4, har sai yaro ya iya tafiya da hawa matakala babu ciwo. A naɗe ƙanƙara a tsumma ko tawul, a ɗora a wurin kamar minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Farasitamol ya wadatar, gwargwadon shekarun yaro. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jin an kai wani yaro wurin mai ɗori an murza masa ƙafa, wani an yi masa tsaga, wani kuma an saya masa ƙwaya a kemis don ya daure ya yi gudu. Haba jama'a! Ƙwayar tana rufe ciwon ne kawai, ƙashin yana ci gaba da wahala, kuma daga nan ne yake iya tsagewa. Duk ɗalibin da muka kama da taramol, ya san hukuncinsa.

A garzaya asibiti idan ciwon ya tsaya a wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, ko yana hana barci, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko akwai zazzaɓi, ko yaro ya kasa taka ƙafar. Masu ciwon sikila kuwa, ciwon ƙashi a wurinsu ba abin jira ba ne. Har yanzu akwai iyayen da ba su sanar da ofis cewa yaransu na da sikila ba. Don Allah a yi hakan a makon nan.

Dole in yaba wa malamin wasanninmu. Shi ya fara lura da abin, ya sauya tsari tun kafin a ce masa komai: minti 10 na motsa jiki kafin gudu, ranar hutu tsakanin atisaye masu nauyi, ƙarin nisa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, sannan ya mayar da masu dogon zango ɓangaren da ke da yashi. Allah ya saka masa da alheri. A gida, ku sa yaro ya dafa bango ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa a hankali, sau 15, safe da yamma, in ciwon ya tafi. Takalmi ba sai sabo ba. Na gwanjo ma ya yi, muddin ƙasansa na da kauri kuma daidai ƙafarsa ne. Kindirmo, ƙananan kifi da zogale suna taimaka wa ƙashi.

Wanda ciwon bai sake shi ba, ba zai shiga gasar bana ba, ko ɗan wane ne. Kada a zo ana roƙona.

Taron iyaye da malamai na nan ranar Asabar da hantsi. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Ana rufe ƙofa a lokacin da kuka sani, kuma a sa wa ƙanana rigar sanyi.

Wassalam,
Shugabar Makaranta