Sanarwa kan horon bazara a cibiyar CERN

Assalamu alaikum, ƴan uwa ɗalibai. Cibiyar bincike ta CERN da ke Janeba a ƙasar Switzerland tana karɓar ɗaliban fiziks, lissafi, kwamfuta da injiniyanci domin horon bazara na makonni takwas ko fiye, tana kuma biyan su alawus, har da ɗaliban ƙasashen da ba mambobinta ba irin Najeriya da Nijar. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya kammala shekara uku a jami'a. Akan rufe karɓar takardu a watan Janairu, don haka ina roƙonku ku nemi takardar sakamako da wasiƙun shaida daga malamanku tun yanzu, domin su ne suka fi ɗaukar lokaci. Neman kyauta ne, kada ku biya kowa ko sisi.