Wasiƙa zuwa ga aminina a Legas kan kayan haɗa kwamfuta

Ƙofar Ƙaura, Katsina

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, ko da yake bazara ta kama gadan-gadan, da azahar ba ka ganin kowa a titi sai mai uzuri.

Kuɗin nan da nake tarawa tun bara sun cika, kuma tunda kana kusa da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kai zan ɗora wa nauyin sayayyar. Ka san sana'ata: bidiyon biki da na hawan Sallah, da dare kuma in taɓa wasan ƙwallo na kwamfuta da ƙannena. A hawan da ya wuce na ɗauki dawakai a Ƙofar Soro da 4K, wato bidiyo mai matuƙar tsabtar hoto, na bar laftof ta kwana tana fitar da bidiyon minti 20, fankarta sai kuka take. Da na dawo daga sallar Asuba na tarar ta tsaya a rabi, jikinta kamar an sauke tukunya daga murhu. Tun ranar na ƙudurta haɗa kwamfutar tebur da hannuna.

Katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoto da bidiyo, shi ne inda nake so kuɗin su fi tafiya, domin DaVinci Resolve, manhajar gyaran bidiyo da nake aiki da ita, a kansa take jingina, haka ma wasanni. Na daɗe ina auna katuna biyu na kamfanin Nvidia, RTX 3060 da RTX 4060. Na biyun ya fi sabunta, a 2023 ya fito, kuma wat 115 kawai yake ci, alhali 3060 na cin 170. Amma ƙwaƙwalwar ajiyarsa GB 8 ce, ta 3060 kuwa 12. Ga wanda ke gyaran launi a 4K, wannan ƙarin GB 4 ɗin ba abin yarwa ba ne, don haka na tsaya a kan 3060. Don Allah ka duba kwalin da kyau, akwai 3060 mai GB 8, ba shi nake nufi ba. In kuma na hannu ne, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka ya yi aiki na ɗan lokaci ka ga zafinsa. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a Satumbar 2022, katunan da suka sha wuya dare da rana suka bazu a kasuwa.

Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 7 5700X, mai cibiya 8, a kan madabod B550, allon da ake haɗa duk sassan a kai. Na san madabod mai tsarin AM5 ne sabon yayi, amma sai da sabon nau'in RAM (ƙwaƙwalwar aiki) na DDR5, aljihuna kuma bai kai nan ba. Shi 5700X ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, ka haɗo da mai kyau. RAM GB 32, sanda biyu masu 16, sai ma'ajiyar fayiloli, SSD na NVMe mai TB 1.

Yanzu ga abin da ya fi damuna: akwatin da ke raba wa sassan wuta. Kada mai shago ya lallashe ka da mai araha. Wani maƙwabcinmu ya yi haka, rannan aka kawo wuta da ƙarfi, sai ƙauri ya cika ɗakin, madabod da kati suka tafi tare. Har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Nvidia akwati mai wat 550 ta ba da shawara ga katin 3060, ni 650 nake so, mai tambarin 80 Plus Gold na rashin ɓarnar wuta, na kamfanin da aka sani. Sitabilaiza da UPS a Kano zan nema.

Gidan kwamfutar ma kada ka bi ƙyalƙyalin fitilu. Nemo mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Ka dai tuna hunturunmu, yadda ake goge tebur da safe, kafin la'asar a iya rubuta suna a kai da yatsa.

In ka zaga shaguna, ka turo min farashin kowanne ta WhatsApp kafin ka ciro ko sisi. Wajen aikowa a bar kowane abu a kwalinsa, a naɗe da kyau, hanyar da nisa. Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za mu gan ka da Babbar Sallah. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Katsina