Yabon masu sharhi da kukan mutanen Wasseypur

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan fim ɗin Indiya mai suna Gangs of Wasseypur, wanda Anurag Kashyap ya ba da umarninsa a 2012.

Masu sharhi sun wasa fim ɗin nan ƙwarai. An haska shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ya ci kyautar masu sharhi ta Filmfare, jarumar fim ɗin Richa Chadda ma ta ci tata, kuma a 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta sa shi na 59 cikin fina-finai 100 mafi kyau a wannan ƙarni. Ni da na tashi da kallon su Amitabh Bachchan ban musa ba, an yi aiki. Ya haura awa 5, har sai da aka raba shi gida biyu, amma ba ya gundura. Gaba ce a kan arzikin kwal a yankin Dhanbad, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Manoj Bajpayee kuwa, Allah ya yi masa baiwa: mugu ne a ciki, amma sai ka tsinci kanka kana dariya.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wasseypur ba sunan ƙirƙira ba ne, unguwa ce ta gaske a Dhanbad, akasarin mazaunanta Musulmi, kuma da fim ɗin ya fito wasunsu sun koka cewa an ɓata musu suna. Ai da gaskiyarsu! A can akwai malamai da 'yan kasuwa da ɗalibai, amma wanda ya kalla ba abin da zai riƙe sai bindiga da wuƙar mahauta da ashar. Mai sharhi yana zaune a Mumbai ko Landan, ya yaba ya tashi. Shi kuwa yaron unguwar, da wannan suna zai je neman aiki, da shi zai je neman aure.

Don haka nake roƙon 'yan Kannywood masu shirya fina-finan daba, don Allah ku ƙirƙiro sunan unguwa, kada ku ɗauki na gaske. Iyaye kuma su sani, hukumar tace fina-finai ta Indiya kanta shaidar manya zalla ta ba wannan fim.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano