Sanarwa: Mu Keɓe Asuba Domin Neman Fuskar Ubangiji

Ƴan'uwa a cikin Kristi, salama gare ku.

Daga ranar Litinin za mu soma keɓe lokaci da Ubangiji, kowa a ɗakinsa, ƙarfe 5 na asuba kafin a fara haramar fita. Abin da ke damuna shi ne hidima ta yi mana yawa, ga zumunta, ga koyon waƙa, ga taron kwamiti, addu'armu kuwa ta koma jera buƙatu kawai. Marta ma, da Yesu ya sauka a gidanta, ai hidima take yi, amma ƴar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraro ita Yesu ya yaba wa (Luka 10:38-42).

A ajiye waya, a karanta Zabura ɗaya a hankali. Mu fara da ta 63, wadda Dawuda ya yi a jeji. Sannan a yi shiru minti 10. Hankali zai gudu wajen kuɗin makaranta ko na haya, a dawo da shi, kada a karaya.

Masu aikin dare su zaɓi lokacin da ya fi musu. Iyayenmu na Narayi da Sabon Tasha da ba sa cikin rukunin nan, don Allah a sanar da su ranar Lahadi bayan sujada.